Yadda Zanen Hamadar Naska Ya Zama Wurin Ziyara

Kimanin kilomita 400 kudu da Lima, babban birnin Peru, akwai wani fako mai faɗi tsakanin garuruwan Naska da Palpa, inda ruwan sama sai a shekara ba a ga ɗigonsa ba. A nan ne mutanen da suka rayu tun kusan shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa har zuwa shekara 500 bayanta suka yi ta kwashe jajayen tsakuwoyin da suka rufe ƙasa, farar ƙasar da ke ƙarƙashi ta bayyana. Da wannan dabara kaɗai suka ja layuka masu tsawon kilomitoci, suka zana biri mai naɗaɗɗiyar wutsiya, da gizo-gizo, da ƙadangare, da wani tsuntsu mai dogon baki wanda tsawonsa ya haura mita 90.

Shekaru aru-aru babu wanda ya damu da su. Pedro Cieza de León, wani ɗan Sifen, ya ambace su a littafinsa na 1553, amma ya ɗauka alamomin hanya ne. Ko Toribio Mejía Xesspe, masanin kayan tarihi ɗan Peru da ya bi su da ƙafa a shekarun 1920, bai ja hankalin kowa ba sosai. Da aka zo shimfiɗa babban titin da ya ratsa nahiyar, ta tsakiyar ƙadangaren aka wuce, aka raba shi biyu.

Labari ya fara canjawa a 1941, sa'ad da Paul Kosok, malamin tarihi daga Amurka da ya zo binciken tsoffin hanyoyin ban ruwa, ya lura rana na faɗuwa daidai ƙarshen wani layi a watan Yuni. Ya ce lallai kalanda ce. Shi dai ya koma gida, ya bar aikin a hannun wata Bajamushiya mai ilmin lissafi, Maria Reiche, wadda ta zo Peru a 1932 don koyar da yara.

Wannan mata ta cancanci a tsaya a kanta. Daga 1946 ta tare a bakin hamadar, a wani ɗan ɗaki, tana fita da igiyar awo da tsani da tsintsiya. Ƙurar shekaru ta dushe layukan, sai ta riƙa share su a hankali, taki bayan taki, har mutanen gari suka ɗauka taɓin hankali gare ta. Ta lallashi sojojin saman ƙasar suka ɗauko mata hotuna daga sama. Ta rubuta littafi a 1949, kuɗin da ta samu ta ɗauki masu gadi da shi. A 1976 aka kafa hasumiyar ƙarfe a gefen titi da ƙoƙarinta, don matafiyi ya hau ya hango zanen hannaye da na bishiya ba tare da ya taka fakon ba. Ra'ayinta na kalanda bai karɓu wajen yawancin masana ba, amma ba don ita ba da tayar mota ta gama da wurin. Ta rasu a 1998, kuma filin jirgin Naska sunanta yake ɗauke da shi.

Abin takaici, ba wahalarta ce ta kawo cincirindon baƙi ba. Erich von Däniken ne, ɗan Suwizalan, da ya fitar da littafi a 1968 yana cewa filin saukar halittun wata duniya ne. Maganar ba ta da tushe, kuma akwai raini a cikinta, kamar ’yan ƙasa ba za su iya ba sai da baƙo. A 1982 Joe Nickell da ’yan uwansa kaɗan suka kwaikwayi zanen wani babban tsuntsu a wani fili a Amurka, da turaku da igiya kawai. Amma ƙarya fure take. Masu yawon buɗe ido suka yi ta kwarara, wasu da motoci har cikin layukan, sai da hukuma ta hana shiga. A 1994 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya.

Daga nan sana'ar ta koma sama. Ƙaramin jirgi ne, zagayen kusan rabin awa, matuƙi ya karkata dama ya karkata hagu don kowa ya gani ta tagarsa, shi ya sa masu hikima ba sa cika ciki kafin su hau. An yi asarar rayuka ma: Faransawa 5 a 2008, mutum 7 a 2022. A ƙasa kuwa, sawu ɗaya kan daɗe bai goge ba. Da ’yan ƙungiyar Greenpeace suka shiga kusa da tsuntsun nan mai dogon baki a Disambar 2014 don baza saƙon sauyin yanayi, sai da suka nemi gafarar Peru.

Masu zanen dai da ƙafa suka san su. Yawancin dabbobin da layi ɗaya aka ja su, wanda bai tsallaka kansa ba, kuma an sami fasassun tukwane a gefen layuka, abin da ya sa masana da dama ke ganin hanyoyin ibada ne na roƙon ruwa. A 2024 masu bincike daga Jami'ar Yamagata ta Japan, da taimakon ƙirƙirarriyar basira, suka bayyana ƙarin zane 303. Yawancinsu ƙanana ne, a gefen tsoffin turbobi, inda mai wucewa zai gan su daga inda yake tsaye.