Mudu ko buhu: tarihin saitin manyan shafuka a Linux

Wayar Android da ke aljihun ɗan kasuwa a Sabon Birni ko Isa, zuciyarta Linux ce. Wannan zuciya, da ake kira kanel, ita ke raba wa manhajoji ma'adanar RAM, gunduwa-gunduwa. Kowace gunduwa sunanta shafi, kuma girmanta na yau da kullum kilobayit 4 ne.

Dabarar ta samo asali daga kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester, a 1962. Da RAM ta yi ta girma, sai matsala ta kunno kai. Gigabayit ɗaya kaɗai shafi 262,144 ne, alhali ɗan kundin adireshin da ke cikin furosesa kaɗan yake iya riƙewa. Kamar ka zo sayen gero lodin mota, a ce sai da mudu za a auna maka. Maganin shi ne buhu, wato babban shafi mai megabayit 2, wanda ya haɗiye ƙanana 512.

Linux 2.6 na 2003 yana da wannan buhun, amma sai mai kula da kwamfuta ya ware shi da hannunsa. A 2011, cikin Linux 2.6.38, aikin Andrea Arcangeli na kamfanin Red Hat ya sa kanel ta riƙa bayarwa da kanta. Saitin zaɓi uku ne: kullum, sai manhaja ta nema, ko ba sam. Red Hat ta bar shi a kan "kullum".

To, a nan aka samu saɓani. Wasu manhajoji sun ƙara sauri, amma mai neman mudu ɗaya shi ma buhu ake ɗora masa, sauran ya zauna a banza. Wani lokaci kuma aiki kan tsaya cik, ana tattara guraben da za su cika buhu. Masu MongoDB, Redis da Oracle suka riƙa ba da shawarar a kashe shi. Ubuntu kuwa a kan "sai an nema" take.

A 2024 Linux 6.8 ya kawo matsakaitan shafuka, kamar kilobayit 64, Android 15 kuma ta karɓi na kilobayit 16. Dalilin da ya sa ake ta wannan ja-in-ja shi ne, yawancinmu ba mu taɓa saitin asali. Abin da injiniya ya zaɓa a can, da shi wayarka za ta yi aiki har ta tsufa.