Masu tsaya wa ɗalibin da aka ce ya saci jarabawa: tarihi daga Amurka

Duk malamin da ya taɓa tsaron ɗakin jarabawa ya san wannan lokaci: ka hango ƴar takarda ƙarƙashin cinyar yaro, ka ɗauke ta, aji ya yi tsit. Abin da ke biyowa baya a lakwal ɗinmu gajere ne. A rubuta rahoto, a ba shi sifiri, in abin ya yi tsanani a kira uwaye a ce su tafi da ɗansu. Da wuya a tambayi wa zai zauna kusa da yaron nan sa'ad da ake yanke masa hukunci. A jami'o'in Amurka da dama akwai ɗalibbai da wannan ne aikinsu, kuma ba da rana tsaka al'adar ta faɗo ba.

Jami'ar Bajiniya, wadda Thomas Jefferson ya kafa a 1819 a garin Charlottesville, ta fara rayuwarta da ɗiyan masu gonaki da bayi, samari masu bindiga da taurin kai. A watan Nuwamba na 1840 wani ɗalibi da ya rufe fuskarsa ya harbi malamin shari'a John Davis, ya mutu bayan ƴan kwanaki. A 1842 wanda ya gaje shi, Henry St. George Tucker, ya kawo shawarar kowane ɗalibi ya rubuta a kan takardar jarabawarsa cewa, bisa mutuncinsa, ba wanda ya taimaka masa. Sannu a hankali ɗalibbai suka karɓe tsaron wannan alkawari daga hannun malamai. Su ke bincike, su ke shari'a, hukuncin kuma guda ne tak: wanda aka kama da ƙarya, sata ko magudin jarabawa, a kore shi har abada.

Hukunci mai nauyi haka ba ya tafiya sai da kariya. Shi ya sa tsarin ya samar da ɗalibbai masu horo na musamman: wani mai ba wanda ake tuhuma shawara a asirce, yana bayyana masa matakan da ke gabansa, wani kuma mai gabatar da hujjarsa ranar zama. Na shekaru da yawa har yana da damar neman a saurare shi gaban ɗalibbai da aka zaɓo da ƙuri'a. Waɗannan masu kariya ba lauyoyi ba ne, ƴan shekara 20 ne da su ma ke da jarabawa gobe.

Sai dai wannan al'adar gida ɗaya ce. Abin da ya mayar da sauraron ɗalibi haƙƙi a gaban doka ya fito ne daga wani wuri dabam, kuma ba shi da alaƙa da satar amsa. A watan Fabrairu na 1960 wasu ɗalibbai baƙar fata na kwalejin jihar Alabama suka shiga wurin cin abinci na ginin kotu a Montgomery, inda fararen fata kaɗai ake yi wa hidima, suka zauna. Gomna John Patterson ya matsa, aka kori tara daga cikinsu da wasiƙa, ba tuhuma a fili, ba zama. Shida suka kai ƙara, sunan St. John Dixon a gaba, lauya Fred Gray yana cikin masu tsaya musu. Kotun farko ta ba makaranta gaskiya. A 1961 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin, ta ce makarantar gomnati ba ta da ikon korar ɗalibi saboda laifi sai ta sanar da shi abin da ake tuhumarsa da shi, ta kuma ba shi damar kare kansa. Kafin nan kotuna na kallon jami'a tamkar uba, uba kuwa ba a tambayarsa dalili.

Shekara shida bayan haka, a 1967, ƙungiyar malaman jami'o'i da ƙungiyar ɗalibbai ta ƙasa da wasu ƙungiyoyin shugabannin makarantu suka fitar da sanarwa guda kan haƙƙoƙin ɗalibi. A cikinta aka rubuta cewa wanda ake tuhuma yana da damar zuwa da mai ba shi shawara da ya zaɓa da kansa, kuma nauyin kawo hujja yana kan mai tuhuma. Irin wannan ƙa'ida ce ta ba ofisoshin kare ɗalibbai, waɗanda ƙungiyoyin ɗalibbai ke riƙe da su kamar na jami'ar Berkeley, ƙafar tsayuwa.

Gwajin da ya fi nuna amfaninsu ya zo a 2001, a Bajiniya ɗin dai. Malamin kimiyyar fiziks Louis Bloomfield ya samu labari daga wata ɗaliba cewa ana kwafar rubutun da ake ba shi. Ya rubuta manhajar kwamfuta da ke kwatanta takardu tana neman jerin kalmomi iri ɗaya. Sunaye 158 suka je gaban kwamitin ɗalibbai. Aka yi sama da shekara ɗaya da rabi ana bincike, zuwa ƙarshen 2002 an kori 45, an kuma ƙwace shaidar digiri ta wasu 3 da suka riga suka gama. Jaridu sun riƙe lambar 48. Ni kuwa ɗaya lambar ta fi ɗaukar hankalina: mutum 110 da kwamfuta ta nuna amma ba a kore su ba. Na'ura tana ganin takardu biyu sun yi kama, ba ta gaya maka wa ya yi gumi ya rubuta, wa ya kwafa, ko wa ya ara wa aboki rubutunsa na bara da zuciya ɗaya. Sai an zauna da mutum, an duba ranaku, an ji bakinsa, kuma wannan aikin ɗalibbai ƴan'uwansu ne suka yi shi. Mu da yau ɗiyanmu ke yin aikin gida da waya a hannu, ya kamata mu riƙe wannan lissafi.

Wani malami zai ce ai wannan ɗaure wa ɓarawo gindi ne. Ban yarda ba, domin mai ba da shawara ba ya da ikon yin ƙarya, shi ma alkawarin nan ya ɗaure shi. Sau da yawa babban taimakonsa shi ne ya ce wa abokinsa ya amsa laifi tun da wuri. A 2013 ɗalibban Bajiniya suka jefa ƙuri'a suka buɗe wannan ƙofa: wanda ya amsa cikin kwana bakwai bayan an sanar da shi, zai bar makaranta zango biyu ya dawo.

Tsarin bai kuɓuta daga son kai ba. Rahoton da kwamitin da kansa ya fitar a 2019 ya nuna cewa a ƙarshen shekarun 1980 baƙar fata sun fi kasonsu nesa cikin waɗanda aka hukunta, a baya-bayan nan kuma ƴan asalin Asiya da baƙi daga ƙasashen waje ne suka fi yawa. Uban da ke tura ɗansa karatu waje ya lura da nan: yaron da ya girma yana haddace darasi yana mayar wa mushe kalma da kalma zai iya faɗawa laifin kwafa ba tare da ya san sunansa laifi ba, kuma shi ne wanda ya fi buƙatar sanin ƙofar wannan ofishi tun makon farko.

A watan Maris na 2022, shekara 180 bayan shawarar Tucker, sama da kashi 80 cikin ɗari na ɗalibban da suka yi zaɓe suka soke korar har abada, suka maye gurbinta da dakatarwa ta zango biyu. Shekara guda bayan haka suka sake gyara: hukunci ya zama hawa-hawa gwargwadon laifi, kora ta dawo a matsayin mafi tsananinsu.