Daidaita Faifan Manne a Kan Ƙofar Hanji Mai Karkataccen Baki da Ƙaba a Ƙarƙashinta: Nazari Bisa Yanayin Mutum Biyu, Jihar Taraba

Tsakure

Wannan maƙala ta duba mas'ala guda daga cikin mas'alolin jinyar mutumin da aka fitar wa da bakin hanji ta bangon cikinsa, wato yadda za a zaunar da faifan manne a kewayen ƙofar da ba ta zagaye daidai ba, alhali kuma ƙaba ta taso a ƙarƙashinta. An tattaro abin da ya tabbata a rubuce-rubucen likitocin tiyata da ma'aikatan jinya, aka auna shi da yanayin zaman mutanen Mutum Biyu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gassol. Ra'ayin da nazarin ya rinjayar shi ne, ingancin awo da yanka ya fi tsadar faifai muhimmanci, kuma awon da aka yi wa majinyaci yana kwance kaɗai awo ne mai tawaya.

Gabatarwa

Idan larura ta hana najasa bin hanyarta ta asali, ko dai saboda taifot ta huda ƙaramin hanji, ko babban hanji ya murɗe, ko sankara ta toshe shi, ko harsashi ya keta shi, ko kuwa an haifi jariri ba shi da dubura, to likita yakan huda bangon ciki ya fito da bakin hanjin ya ɗinke shi a jikin fata, domin abin da ke ciki ya sami mafita. Wannan ƙofa ita ce sitoma a bakin likitoci. Ba ta da tsokar da za ta riƙe abin da ke fitowa, don haka sai an liƙa mata jaka, jakar kuwa ba ta zama sai a kan wani faifai mai danƙo wanda ake yanke wa rami a tsakiya gwargwadon girman ƙofar.

Aikin ya daɗe a hannun likitoci, gama tun 1793 wani likita mai suna Duret ya yi shi ga wani jariri a Faransa ya rayu, amma kayan jinyarsa na baya-bayan nan ne. A 1952 Bryan Brooke ya bayyana a Ingila dabarar naɗe bakin ƙaramin hanji ya zama kamar tsiro, don ruwan ya zuba cikin jaka bai taɓa fata ba. A 1954 wata nas a ƙasar Denmak, Elise Sørensen, ta ƙago jakar da ke mannewa da kanta saboda tausayin 'yar'uwarta da aka yi wa wannan aiki, daga nan kamfanin Coloplast ya samo asali. A asibitin Cleveland na Amurka kuma Rupert Turnbull ya lura da amfanin ƙaron karaya wajen kare fata, shi ne kuma ya ɗauki Norma Gill, wadda ita kanta mai ɗauke da jaka ce, ta zama farkon mai sana'ar jinyar sitoma a 1958. Abin lura ga mai karatu a Jihar Taraba shi ne, wannan ƙaro na karaya ana samunsa daga dangin itacen da Hausawa ke kira kukuki. Sai dai wanda ke cikin kayan asibiti tatacce ne, bai halatta wani ya karanta wannan ya je daji ya ɗebo ya shafa a kan gyambo ba.

Asalin mas'alar

Duk ramin da aka huda a bangon ciki rauni ne a jikin tsoka, kuma duk lokacin da mutum ya yi tari, ko ya yi nishi, ko ya ɗaga buhu, ƙarfin da ke cikin ciki yana neman wannan wuri ne mai rauni, har a kwana a tashi wani sashe na hanji ko kitse ya silalo ta gefen ƙofar ya zauna a ƙarƙashin fata. Wannan ita ce ƙabar gefen ƙofa. A 2003 Carne da Robertson da Frizelle sun bi rubuce-rubucen da suka gabata, suka tarar cewa ga masu ƙofar babban hanji ta dindindin an ruwaito faruwarta daga kashi 4 har zuwa kashi 48 cikin ɗari, ga masu ƙofar ƙaramin hanji kuwa daga kimanin kashi 2 zuwa kashi 28. Nisan da ke tsakanin waɗannan alƙaluma ya samo asali ne daga bambancin tsawon lokacin da aka bi majinyata da kuma hanyar da aka bi wajen gano ƙabar, amma ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, abin ba na watsarwa ba ne.

Ƙabar tana ɓata wa faifai zama ta fuska uku. Tana mai da shimfiɗaɗɗiyar fata ta zama tudu; tana jan bakin ƙofar har ya tashi daga da'ira ya koma kamar ƙwai, wani lokaci ma ya shafe ya yi daidai da fata; sannan tana miƙe fatar har ta yi siriri, ta zama ƙaramin abu ke ɗaye ta. Mafi wahalar duka ita ce ba ta da girma ɗaya: da asuba, bayan mutum ya kwana a kwance, takan koma ciki, da la'asar kuwa bayan yinin tsayuwa ta cika ta batse, bakin ƙofar ma ya buɗe tare da ita.

Yanayin wuri

Mutum Biyu tana kan titin da ya tashi daga Jalingo zuwa Wukari, a cikin kwarin Binuwai, kuma akasarin mutanenta da na ƙauyukan da ke kewaye manoman doya da shinkafa da masara ne, da makiyaya da masunta da 'yan kasuwa. Manyan ayyukan tiyata galibi a Jalingo ake yin su, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha, daga nan majinyaci ya komo gida da 'yan faifan da ya iya saye. Sana'ar da zai komo gare ta ta sunkuyo ce da ɗaukar nauyi, zamansa a tabarma ne, sallarsa kuma tana da ruku'u da sujada sau da yawa a yini, ga zafin bazara a watannin Maris da Afrilu wanda ke sa gumi ya shiga ƙarƙashin danƙo ya sassauta shi. Faifan da aka yanka ba daidai ba a irin wannan wuri asara biyu ce, ta kuɗi da ta fata, domin wanda ya lalace yau ba lalle ne a sami madadinsa a kantin magani na kusa ba.

Awo da yanka

A nan ne nake son in daɗe, domin a nan ne ake samun nasara ko a rasa ta. Takardar awo mai ramuka zagayayyu da ke zuwa cikin kwalin faifai an yi ta ne don ƙofa mai da'ira. Wanda ya gwada ta a kan ƙofa mai siffar ƙwai, ɗayan biyu zai same shi: ko ya zaɓi ramin da ya dace da tsawon, ya bar fata a buɗe sama da ƙasa najasa ta ci ta, ko ya zaɓi wanda ya dace da faɗin, gefen faifai ya yanki hanjin, wanda ba shi da jijiyar jin zafi da za ta faɗakar da mai shi sai dai ya ga jini. Cin fatar ya fi muni ga mai ƙofar ƙaramin hanji, gama ruwan da ke fita daga nan yana ɗauke da sinadaran narkar da abinci, kuma ba sa bambanta nama a tumbi da fatar mai su.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a yi wa kowane majinyaci samfurinsa. A samu farar leda mai kauri wadda ake ganin bayanta, ko ledar da aka ɓare daga bayan tsohon faifai, a ɗora ta a hankali a kan ƙofar, a bi gindin hanjin da alƙalami a zana siffarsa yadda take, da karkatarta da lanƙwasarta. A yi wannan zane majinyaci yana kwance, a sake yi yana tsaye, sannan a ce masa ya yi ruku'u kamar yadda yake yi a salla, mai awo ya durƙusa ya duba inda fata ta naɗe da inda bakin ƙofar ya buɗe. Siffar da ta fi girma a cikin waɗannan ita za a ɗauka, a ƙara mata milimita 2 zuwa 3 a kewaye. Kafin a ɗaga ledar a sa mata alama biyu, ɗaya mai nuna wajen kai, ɗaya mai nuna fuskar da ke kallon waje, domin a bayan faifai ake yin zane, kuma wanda ya manta ya kifa samfurin zai yanke ramin da damansa ya koma hagu. Kuskure ne ƙarami a ido, amma ya isa ya jefar da faifai sabo ful. A yanka da ƙaramin almakashi mai lanƙwasa, sannan a bi bakin ramin da yatsa a goge kaifinsa.

Sauran ratar da za ta bayyana a lokacin da ƙabar ta koma ciki ba da ƙanƙanta rami ake maganinta ba. Zobe mai laushi na danƙo ake murzawa da yatsu a kewaya gindin hanjin da shi, domin shi yana miƙewa yana komawa tare da ƙofar. Inda babu zobe, ana iya cike lungu da ƙullu na musamman da ake sayarwa a bututu, tare da sanin cewa cike gurbi ne aikinsa, ba mannewa ba, kuma mai ɗauke da sifirit yana yi wa ɗayayyar fata raɗaɗi.

Sai batun tudun. Wanda ya taɓa ƙoƙarin shimfiɗa takarda a bayan ƙwarya ya san dole gefenta ya tattare, kuma kowace tattara a faifai magudana ce. Maganinta shi ne a zaɓi faifai mai laushi da sirara, a tsattsaga gefensa na waje a wurare huɗu ko biyar, gajerun tsagu waɗanda ba su kusanci ramin tsakiya ba, yadda kowane kunne zai kwanta a kan gangaren da kansa. Akwai faifan da kamfanoni suka ƙera da wannan siffa tun daga masana'anta, amma almakashi a hannun wanda ya fahimci dalili yana kusantar da talaka ga wannan fa'ida. A liƙa shi fata tana miƙe, a fara dannawa daga gindin ƙofa zuwa waje, a kuma dafe shi da tafin hannu na ɗan lokaci, musamman da hunturu, saboda ɗumi ne ke sa danƙon ya kama.

Game da faifai mai ƙusumbi, wanda aka yi don ya danna fata ya turo shafaffiyar ƙofa waje, ra'ayina shi ne a yi taka-tsantsan ƙwarai. Zuciya tana saurin karkata gare shi idan yoyo ya yi yawa, amma ɗora abu mai tauri a kan fatar da ƙaba ta riga ta miƙe, da hanji a ƙarƙashinta, yana iya haifar da gyambon matsi mai wuyar warkewa. In larura ta tilasta, sai mai laushin ƙusumbi, kuma a ƙarƙashin idon ma'aikacin jinya.

Fatar kanta ruwa zalla take so, a shanya ta sarai. Man kaɗanya da basilin da sabulu mai maiƙo suna hana mannewa, sifirit kuma yana ƙona ta. Gashi a rage shi da almakashi. Wajen cirewa, fatar ake turawa ta rabu da faifai, ba faifan ake fizgewa ba. Ajiya kuma a ɗaki mai sanyi, nesa da rufin kwano.

Ɗamara, aiki da ibada

Thompson da Trainor sun ruwaito a 2005 cewa guje wa ɗaukar nauyi na wata uku bayan aiki, da motsa tsokar ciki, da ɗaura ɗamarar tallafi lokacin aiki mai nauyi, sun rage aukuwar ƙaba a cikin majinyatansu. Ɗamarar a kwance ake ɗaura ta, bayan ƙabar ta koma, kada kuma ta matse jakar har ta hana zuba. Gyaran ƙabar da tiyata yana yiwuwa, kuma Sugarbaker ya bayyana hanyar sa raga ta cikin ciki a 1985, amma ɗinki kaɗai ba tare da raga ba an san yawancinsa yana warwarewa. Wanda ƙofarsa ta wucin gadi ce, kamar yawancin na taifot, babban maganinsa shi ne kada a jinkirta mayar masa da hanji.

Kuzu da abokan aikinsa a Turkiyya sun nuna a 2002 cewa da yawa daga Musulmin da aka yi wa ƙofa ta dindindin sun bar salla da azumi. Wannan abin baƙin ciki ne, domin fiƙihun Malikiyya bai bar mas'alar ba hukunci ba: Muhtasar na Shaihu Halilu ya ambaci kafar da ta buɗe a ƙarƙashin tumbi, babin salasi kuma da na najasar da ke da wuyar kiyayewa suna ɗauke da rangwame mai faɗi. Fatawa ta malamai ce, amma yaƙinin cewa faifai ba zai saki a cikin sahu ba, wannan daga hannun mai awo yake fitowa.

Idan ƙabar ta yi tauri ta ƙi komawa, ga ciwo da amai, jaka ta daina cika, ko bakin hanjin ya tashi daga ja ya koma baƙi-baƙi, to wannan ya wuce batun faifai. Hanji ne ya shaƙe, a nemi mota a nufi asibiti a wannan sa'a.

Roƙona ga ma'aikatan jinya a Jalingo shi ne, kada a sallami majinyacin da zai koma Mutum Biyu sai shi ko mai jinyarsa ya zana samfuri ya yanka faifai da hannunsa a gabanku, a kuma rubuta masa ranar da zai dawo a sake awo bayan mako 6 zuwa 8, domin a cikin wannan lokaci ne kumburin tiyata ke saɓewa, girman ƙofar ya sauya.