Ɗan cin zali a labaran ƙuruciya

Ɗan cin zali tauraro ne da ake yawan samu a ƙagaggun labarai masu bin rayuwar yaro har ya mallaki hankalinsa. Matashi ne da ke takura wa jarumin labarin da duka ko tsangwama, kuma galibi shi ma yana da tabon da ya kwaso daga gida. Flashman na littafin Tom Brown's School Days, wanda Thomas Hughes ya wallafa a 1857, mugu ne kawai a makarantar kwana ta Rugby a Ingila. Marubutan da suka biyo baya sun fi tono dalili: Henry Bowers na littafin It na Stephen King (1986) yana shan jibga a hannun mahaifinsa.

A arewacin Najeriya, ɗan daba ne ya fi kusa da wannan siffa. A littafin Born on a Tuesday na Elnathan John (2015), Banda ne jagoran samarin da ke kwana a gindin kuka a Bayan Layi. Ana shakkarsa, amma shi ke tsaya wa almajiri Dantala, har aka harbe shi a rikicin zaɓe, Dantala ya tsere zuwa Sakkwato.