Ranar da hoton GIF ya zama abin biyan kuɗi

In ka taɓa sauke takardar sakamakon jarabawa daga intanet, ko banki ya turo maka rasit na PDF, to ba mutum ne ya zauna ya tsara ta ba. Wata manhaja ce ta haɗa ta nan take, ita ma manhajar aron kayan aiki ta yi daga abin da masu rubuta manhaja ke kira laburare: tarin umarni da wani ya riga ya rubuta, kai naka kawai ka ɗauka ka ɗora gininka a kai. Mai koyo yakan tambayi wanne ya fi sauri. A ganina tarihi ya nuna akwai tambayar da ta fi wannan: laburaren na waye, kuma wa ke kula da shi?

Mu koma 1987, shekarar da kamfanin CompuServe na Amurka ya fitar da tsarin hoto na GIF. Don hoton ya yi ƙanƙanta, sun yi amfani da wata dabarar matse bayanai mai suna LZW, wadda Terry Welch ya wallafa a 1984. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, dabarar tana da rajistar mallaka, kuma kamfanin Unisys ne ke riƙe da ita. Shekaru bakwai ana ta amfani da GIF hankali kwance. Sai a ƙarshen Disambar 1994 aka sanar cewa masu manhajar da ke sarrafa GIF za su fara biyan kuɗin lasisi.

Ai kuwa sai hankali ya tashi. Cikin makonni kaɗan, a Janairun 1995, Thomas Boutell da wasu masu sa kai suka fara tsara wani sabon nau'in hoto da babu mai iko da shi. Shi ne PNG ɗin da ke cikin wayarka yanzu, wanda aka amince da shi a matsayin ma'aunin yanar gizo a 1996. Wannan Boutell ɗin kuma shi ne ya rubuta laburaren GD, wanda shafuka masu yawa suka dogara da shi wajen zana jadawali da ƙananan hotuna, musamman masu amfani da PHP. A 1999 aka cire GIF daga GD ɗungurungum. Ka duba halin wanda ya gina shafinsa a kai: ko ya maƙale wa tsohon sigar, ko ya sake rubuta aikinsa. GIF bai dawo cikin GD ba sai 2004, bayan rajistar ta ƙare a Amurka a 2003, a sauran ƙasashe kuma a 2004.

Kada ka ɗauka abin ya tsaya a hotuna. A ɓangaren PDF, laburaren iText na Bruno Lowagie, ɗan Beljiyam, ya yi shekaru yana ƙarƙashin lasisi mai sassauci. A ƙarshen 2009, da sigar 5, ya koma lasisin AGPL. A taƙaice, in ka sa shi cikin manhajar da jama'a ke amfani da ita, ko da ta intanet ne, to ko ka buɗe rubutun manhajarka ga kowa, ko ka sayi lasisi. Ni ban ga laifinsa ba, mai aiki yana da haƙƙin cin guminsa. Amma kamfanoni da yawa sun tsaya cak a tsohuwar siga, daga baya wasu suka yi mata reshe mai suna OpenPDF.

Wani laburaren kuma shiru kawai yake yi. PIL, wanda masu Python suka daɗe suna sarrafa hoto da shi, ya fitar da sigarsa ta ƙarshe a 2009. Pillow ne ya ɗauki ragamar daga 2010, shi ya sa har yau Pillow kake sakawa a kwamfuta amma sunan PIL kake kira a cikin rubutunka.

Akwai kuma gadon da ya shafe mu kai tsaye. Tsarin PDF, wanda Adobe ya fitar a 1993, ya zo da wasu nau'o'in haruffa 14 na asali, irin su Helvetica da Times, waɗanda aka tanada don harsunan Yammacin Turai. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a cikinsu. Laburare da dama har yanzu da su suke farawa in ba ka ce komai ba, shi ya sa suna kamar Ɗanladi yakan fito da baƙin akwati ko alamar tambaya a madadin harafin farko. Maganin shi ne ka zaɓi laburaren da ke karɓar Unicode, ka cusa masa nau'in haruffa irin su Noto Sans ko DejaVu Sans a cikin fayil ɗin. Kafin ka amince da kowane laburare, ba shi jimla guda mai ɗauke da haruffan nan, manya da ƙanana, ka buɗe takardar a waya ka gani.