Yadda Kwarin Bohinj Ya Sami Hukumarsa

A shekarar 1990, yankin Gorenjska da ke arewa maso yammacin Sulobeniya, inda tsaunukan Alps suka tokare iyakar ƙasar da Ostiriya da Italiya, ƙananan hukumomi biyar kacal gare shi: Kranj, da Škofja Loka, da Tržič, da Radovljica, da Jesenice. Yau 18 ne. Ƙasar ba ta ƙara faɗi ba, jama'a ma ba su ninku ba. Abin da ya faru shi ne, da aka sakar wa mutane mara bayan samun 'yancin kai a 1991, kusan kowane kwari ya ce shi zai riƙe kansa. Sulobeniya baki ɗaya, mai mutum miliyan biyu da 'yan kai, tana da ƙananan hukumomi 212 a yanzu, kuma fiye da rabinsu ba su da mutum 5,000. Wanda ya kalli abin daga nesa zai ce son sarauta ne kawai. Tarihin kwari ɗaya, wato Bohinj, yana nuna cewa maganar ta fi haka tsufa.

Bohinj kwari ne da duwatsu suka yi wa ƙawanya, a kudu da Triglav, dutsen da ya fi kowane tsayi a ƙasar, mai mita 2,864. A ƙuryarsa akwai tafki, sannan wani tudu ya raba kwarin gida biyu. A ɓangaren sama akwai Stara Fužina, da Studor, da Srednja Vas, da Češnjica. A ɓangaren ƙasa akwai Bohinjska Bistrica, wadda ita ce hedikwata, da ƙauyukan da ke bin kogin Sava. Can bisa tudu kuma ga Koprivnik da Gorjuše. Ƙauyuka 24 ne, mutanensu sun ɗan haura 5,000, a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 330 wanda akasarinsa dutse ne da daji.

A zamanin da, masu ƙasar ba a kwarin suke zaune ba. A 1004 sarkin Jamus Henry na Biyu ya ba bishop na Brixen, can cikin Tirol, kyautar gandun Bled, kuma wani yanki na Bohinj ya shiga hannun wannan gandu, sauran kuwa yana ƙarƙashin iyayengijin Radovljica. Haka aka yi wa Škofja Loka tun 973, inda aka miƙa ta ga bishop na Freising. Mulkin waɗannan shugabannin coci ya kai har 1803, kusan shekara ɗari takwas ke nan. Abin da ya dame su shi ne a kawo haraji, a yi aikin gandu. Da nauyin ya yi yawa, manoman Bohinj suna cikin waɗanda suka yi bore a 1515, suna neman a koma kan tsohuwar ƙa'idar abin da kakanninsu ke biya. An murƙushe su.

Amma ubangidan da ke nesa bai san ranar da ya kamata a hau da shanu dutse ba, kuma a nan ne ainihin mulkin ƙauye yake. Ƙasar noma a kwarin 'yar kaɗan ce, hunturu kuma dogo. Duk ciyawar da ta tsiro kusa da gida dole a yanke ta a adana, don haka ba a barin saniya ta taɓa ta da bazara. Ana shanya ciyawar a kan wasu dogayen rumfunan katako masu rufi da suke kira kozolec. A bakin ƙauyen Studor har yau ga su nan a cunkushe, masu hawa biyu, ana ajiye amalanke a ƙarƙashi, ciyawa a sama. Su kuwa shanu sai a yi sama da su mataki-mataki. Da dusar ƙanƙara ta janye, a fara da makiyayar da ke kusa. Idan bazara ta kankama, a haura zuwa manyan makiyayan kan dutse da ake kira planina, irin su Uskovnica, da Zajamniki, da Velo Polje da ke gindin Triglav. Da kaka a gangaro. A can sama masu kiwo, waɗanda yawancinsu mata ne a da, suna kwana a 'yan bukkokin katako da aka ɗora bisa ginshiƙai, shanu na fakewa a ƙarƙashinsu.

Waɗannan makiyaya ba na mutum ɗaya ba ne. Na taron masu gidajen ƙauye ne, wanda suke kira srenja. Haƙƙin kiwo a jikin gida yake, ba a jikin mutum ba, shi ya sa kowane gida ke da sunansa na kansa da ba ya canzawa ko da an sayar da shi ko zuri'ar ta ƙare. Taron ne ke yanke ranar hawa da ranar saukowa, da yawan shanun da kowane gida zai tura, da wanda zai gyara shinge ko hanya, da itacen da za a sara a dajin gari. Wanda ya tura dabbobi fiye da rabonsa, ciyawar maƙwabcinsa ya ci, kuma kowa ya gani. A ganina, duk wata hukuma da aka kafa a kwarin daga baya, a kan wannan tsari ta zauna, ko ta yarda ko ba ta yarda ba.

Gwamnati ta fara shigowa ne da alƙalami da awo. Wajen 1770, a zamanin sarauniya Mariya Tereza, aka bi ƙauyuka ana liƙa wa gidaje lamba, ba don sauƙin kai wasiƙa ba, don a san inda samarin da za a ɗiba soja suke. Daga 1809 zuwa 1813 Faransawan Napoleon suka riƙe yankin, suka mai da Ljubljana babban birnin lardunan da suka kira Iliriya, suka kawo tsarinsu na hukumar gari mai shugaba da rajistar haihuwa da aure. Ba su daɗe ba. Bayan tafiyarsu Ostiriya ta ba da umarni a 1817 a auna kowace gona, da daji, da makiyaya, a zana taswirarsu saboda haraji. Iyakokin da masu awon nan suka ja sun fi daular da ta aiko su tsawon rai, domin har yanzu da irin waɗannan yankuna ake rajistar filaye a Sulobeniya.

Sai juyin 1848 ya soke bautar gandu. Manomi ya zama mai gonarsa, amma da aka kawar da ubangida sai aka rasa wanda zai riƙe ƙauye a idon doka. Dokar 17 ga Maris 1849 ta cike gurbin da ƙaramar hukuma mai zaɓaɓɓiyar majalisa da shugaba, wanda Sulobeniyawa suka ci gaba da kira da tsohuwar sarautarsu ta župan. Bohinj ya sami biyu, ɗaya a Bistrica, ɗaya a Srednja Vas, daidai da yadda tudu ya raba kwarin. Kada a ɗauka kowa ke da murya: nauyin ƙuri'a gwargwadon harajin mutum ne, don haka manyan manoma, da masu masauki, da limamin coci su ke juya al'amura. Aikin kuwa hanya ne, da makaranta, da kashe gobara, da ɗawainiyar matalauta. Kowane mutum yana da hukumar da take asalinsa a takarda, kuma in ya tsiyace a birni can ake mayar da shi, inda sau da yawa akan yi karɓa-karɓar ciyar da shi gida-gida.

Har kan dutse ma ikon waɗannan 'yan hukumomi ya kai. A 1895 Jakob Aljaž, limamin cocin Dovje da ke ɗaya gefen Triglav, ya sayi ƙololuwar dutsen daga hannun hukumar ƙauyensu a kan kuɗi ƙalilan, ya kafa wata 'yar hasumiyar ƙarfe a kai, don kada ƙungiyoyin Jamusawa masu hawan dutse su riga shi. Hasumiyar tana nan.

Shekarun ƙarshe na ƙarni na 19 sun girgiza Bohinj. Tun da daɗewa kwarin na narka tama da gawayin dazukansa, kuma a ƙarni na 18 ma'aikatun na hannun gidan Zois ne. Žiga Zois ne ya zuga mutanen Bohinj huɗu da suka fara taka ƙololuwar Triglav a 1778. A 1890 gobara ta cinye ma'aikatar Bistrica, aka kwashe aikin ƙarfe zuwa Jesenice, mutane da dama suka bi shi ko suka yi ƙaura. Abin da ya riƙe waɗanda suka zauna shi ne nono. Tun cikin shekarun 1870 wani limamin coci, Janez Mesar, ya haɗa kan manoma cikin ƙungiyoyin yin cuku, aka kawo gwani daga Suwizalan ya koya musu. Maimakon kowace mace ta kaɗa ɗan man shanunta ita kaɗai, sai a haɗa nonon makiyaya guda a babbar tukunya, a rubuta abin da kowane gida ya kawo, a raba cukun bisa lissafi. Mutanen da suka saba raba ciyawa ba su sha wuyar raba cuku ba. A 1906 jirgin ƙasa ya iso, ta ramin da aka huda a ƙarƙashin dutse mai tsawon fiye da kilomita shida zuwa Podbrdo, kuma 'yan yawon buɗe ido suka biyo shi.

Bayan yaƙin duniya na farko Bohinj ya faɗa cikin sabuwar ƙasar da ta zama Yugoslabiya, yarjejeniyar Rapallo ta 1920 kuma ta ja iyakar Italiya a kan duwatsun da ke bayansa. A 1941 Jamus ta mamaye Gorenjska.

'Yan gurguzun da suka karɓi mulki a 1945 sun taɓa ƙauye a wurin da ba wanda ya taɓa shi a baya. Dokar 1947 ta mai da filayen tarayyar ƙauyuka dukiyar al'umma baki ɗaya, wato srenja ta rasa makiyayanta a takarda, ko da yake shanu sun ci gaba da hawa. An sauya sunayen ƙauyuka masu ɗauke da sunan waliyyai: Sveta Lucija ta zama Most na Soči. Daga 1955 aka shiga haɗe ƙananan hukumomi su zama manya, masu masana'antu, waɗanda za su iya yin aikin gwamnatin tsakiya a madadinta, har adadinsu ya sauko zuwa 60 da 'yan kai. Bohinj da Bled suka koma ƙarƙashin Radovljica. Ba za a ce ba a yi aiki ba, domin a lokacin ne wutar lantarki da kwalta suka kai wurare da yawa. Sai dai kuɗi na bin masana'anta, masana'anta kuma tana gari. Abin da ya rage wa ƙauye shi ne 'yar ƙungiyar unguwa da ake kira krajevna skupnost, inda mutane kan kaɗa ƙuri'a su ɗora wa kansu ƙarin kuɗi daga albashinsu, su kuma fito da shebur, don a ja ruwan famfo ko wayar tarho. Wanda ya haƙa ramin bututun ƙauyensu da hannunsa bayan ya biya haraji, ba sai an yi masa dogon bayani kan amfanin hukuma a kusa ba.

Saboda haka da majalisar dokoki ta zartar da dokar mulkin ƙananan hukumomi a ƙarshen 1993, abin ya zo da rububi. An yi ƙuri'ar raba gardama a watan Mayun 1994 kan yankuna 340, masu zaɓe suka amince da kusan kashi ɗaya bisa uku, majalisa ta yanke ta kafa 147. Bohinj na cikinsu, wannan karon a dunƙule. A shekarar ce kuma aka yi dokar mayar wa tsofaffin tarayyar ƙauyuka filayensu. Doka ta ce sai yanki ya kai mutum 5,000, amma ta bar ƙofa saboda dalilan nisa, ko iyaka, ko tarihi, kuma kowa ya gano cewa yana da tarihi. A 1998 adadin ya kai 192: Žirovnica ta ɓalle daga Jesenice, Jezersko mai 'yan ɗaruruwan mutane ta bar Preddvor, Solčava ta bar Luče. A 2006 aka kai 210, ciki har da Gorje da ta rabu da Bled. Mirna da Ankaran suka cike 212. Gwamnatin tsakiya kuwa ta riƙe ayyukanta, irin su fasfo da izinin gini, a ofisoshi 58 da galibi suka bi tsofaffin iyakokin zamanin gurguzu, don haka mutumin Bohinj har yanzu Radovljica yake nufa da irin waɗannan takardu.

Masu suka suna da hujja. Hukuma mai mutum 500 ba za ta iya ɗaukar injiniya da lauya ba, kuma tana rayuwa ne da kason harajin albashi da ake rabowa daga Ljubljana bisa lissafin da ke duba yawan jama'a, da faɗin ƙasa, da tsawon hanyoyi. Tsakanin waɗannan 'yan hukumomi da gwamnatin ƙasa babu wani mataki: an tambayi jama'a kan kafa larduna a 2008, waɗanda suka fito ba su wuce ɗaya cikin goma ba sosai, maganar ta kwanta. Yunƙurin da aka yi a 2013 na rage yawan hukumomin shi ma bai je ko'ina ba. Ni dai ban ga laifin mutumin Solčava ba in ya ƙi. Ya riga ya ɗanɗana zama ƙarshen layi.

Bohinj kuwa matsalarsa ta yanzu ba ƙanƙanta ba ce. Kusan kashi biyu bisa uku na ƙasarsa na cikin gandun dajin Triglav, wanda aka fara killacewa a 1924, aka faɗaɗa a 1981, don haka dokar gandu ta ɗaure abin da majalisar hukuma za ta iya yardar a gina. Da bazara baƙi kan ninka 'yan gari, hukuma na fama da wurin ajiye motoci da bas-bas masu jigila zuwa bakin tafki. Bukkoki da yawa a Uskovnica da Zajamniki sun zama gidajen hutu, masu kiwo sun ragu, daji yana cinye makiyayan da aka daina kai shanu. Waɗanda ake kaiwa har yanzu, masu haƙƙin gidaje ne ke tsara hawansu, kuma cukun mohant mai ƙarfin wari da ake yi a kwarin yana da rajistar kariyar suna ta Tarayyar Turai.