Zumunci a Fiffike: Tarihin Karin Kumallon Matuƙa Jirgin Sama

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. To, idan muka leƙa Jihar Karolina ta Kudu a ƙasar Amurka, za mu tarar da waɗanda nasu zumuncin a fiffike yake.

A shekarar 1938 ne wani mutumin garin Orangeburg, mai suna Thomas Summers, ya assasa wata al'ada a tsakanin masu ƙananan jiragen sama na ƙashin kansu. Ranar Lahadi, bayan kowane mako biyu, kowa zai taso daga garinsu, a sauka a wani ƙaramin gari, a karya kumallo tare, sannan a watse. Ba a biyan kuɗin shiga ƙungiya. Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da haɗuwar saboda ƙarancin mai, amma bayan 1945 ta farfaɗo, domin dubban matuƙan da soja suka horar sun dawo gida.

Sai mu tambaya, me zai sa mutum ya ƙona man da ya ninninka kuɗin abincin saboda ƙwai da gahawa? Amsar ita ce, tuƙi sana'a ce da kan kuɓuce wa wanda ya daɗe bai taɓa ta ba. Dokar Amurka ta hana matuƙi ɗaukar fasinja sai ya yi tashi da sauka sau 3 a cikin kwanaki 90 da suka gabata. Haka nan, filin da jirage suka ƙaurace wa, ƙarshensa rufewa.

Ashe abincin dalili ne kawai. Da shi aka raya gwaninta, da filaye, da zumunci.